Usur ɗin Barmo

A nan tashar take, tunda ka tambaya,
nan inda kake tsaye kana latsa waya,
tsakanin shagon tayil da mai sayar da kati.
Ƙarƙashin takalminka akwai baƙin mai na shekara arba'in,
siminti kawai aka shafe shi da shi.

Jirgin ƙasa bai taɓa tsayawa a nan ba.
Ubana Barmo ne ya gan shi sau ɗaya, a Kano,
shekarar da ya raka buhunan gujiya.
Ya dawo da usur na ƙarfe da labari,
labarin ya fi usur ɗin ƙara.
Ya ce wa direbobi, ku ci kasuwarku da wuri,
ran da dogo ya iso Maraɗi sai ku koma noman gero.
Suka yi dariya, suka naɗa shi Sarkin Dogo.

Kamasho ne. Kafin ladan ya gama alwala
ya riga ya tada unguwa:
Ɗan Isa! Jibiya! Saura mutum biyu!
Kullum saura mutum biyu ne,
ko da ba kowa a motar sai akuya da ɗaurin rake.

Gindin bedi kuwa na Tamo ne mai fura.
Bashi take bayarwa, ta ja zane da gawayi
a jikin bangon ɗakin biye.
Wanda ya tafi Ikko bai dawo ba, zanensa na nan.
Ta ce ba ta gogewa,
goge zanen mutum kamar yi masa sutura ne.

Wata Talata katafila ta zo.
An ce gari ya girma, tasha ta koma bayan gari.
Bangon Tamo ne ya fara faɗuwa
da bashin mutum ɗari a kansa.
Bedin ya yi taurin kai, sai da ya ci musu kwana biyu.

Lokacin idon Barmo ya tafi.
Yana zaune a benci ƙofar gida, ƙasa na rawa ƙarƙashinsa,
ya kama hannuna ya ce,
Wannan rugugin fa? Dogo ne?

Na dubi ƙurar, na dubi tsohon.
Na ce, shi ne, Baba.

Ya laluba aljihu, ya busa har sau uku,
ya ce a je a gaya wa direbobi.
Bai kai damina ba.

Yanzu ina jin ana zancen dogo daga Kano,
har wani ya ce ya ga ƙarafan da idonsa.
Ban je dubawa ba.
Usur ɗin na cikin kwallar uwargida, ya yi tsatsa.
Jiya ƙaramar ɗiyata ta samo shi ta busa,
iska ce kawai ta fito,
ta ce wannan abin na mene ne,
ni kuma ina neman canjin mai shayi.