Ƙidayar Ƙafafu

A lambun Hamani, can ƙasan Saga,
inda mangwaro ke leƙen ruwan Isa,
na kai yatsa ga wata tururuwa a bayan ganye,
sai ta juyo ta dube ni.
Tururuwa ba ta duban mutum.
Na ƙara matsawa, ta saki ganyen,
ta tsaya a iska, rataye da zare.

Hamani ya aje bokitin ban-ruwa.
"Harira, shekara talatin ina lambun nan,
ban taɓa ganin cinnaka da igiya ba."

Na ce ya ƙidaya ƙafafu.
Ya ce shida.
Na ce ya sake.
Biyun nan na gaba da take kaɗawa
kamar ƙahonin laluben hanya,
ƙafafu ne, ɗaga su aka yi.
Takwas ke nan. Gizo-gizo ne mai tsalle,
ya ari tafiyar masu cizo,
ya tsuke ƙugu, ya yi zanzaro
don tsoron zanzaro.

Gane ƙaryar bai ɗauke ni minti ba.
Sunan mai ƙaryar ya cinye mini damina biyu.

Ƙetaren gada, a Harobanda,
ɗakinmu na bincike yana warin alkol.
Kwalabe arba'in da ɗaya, kowace da 'yar takarda,
rana, wuri, itacen da aka samu,
da fensir, don tawada narkewa take.
Madam Fasuma ta ce da ni tun ranar farko,
"Kada ki yarda da launi.
Ja a Gamkalle, baƙi a Kirkisoyi,
sau da yawa ɗaki guda suka fito.
Ki sauka ƙasa, inda ba ya iya yin ado."

Sai na sauka.
Ƙarƙashin madubi, da allura mai bakin gashi,
ina juya ɗan hannun namiji na kusa da baki,
abin da bai kai ƙwayar gero ba,
in ga zaren ciki sau nawa ya naɗe,
ƙugiyar gefe ina ta karkata.
Ta macen kuma, 'yar ƙofa a ƙasan ciki,
sai an wanke, an jira, an zana.
Ana tsakiyar zane wuta ta ɗauke.
Na riƙe tocilar salula da haƙori.

Kwalba ta tara, ja, muƙamuƙi zaƙo-zaƙo
kamar mai dakon itace.
Kwalba ta sha huɗu, baƙa, baki ɗan ƙarami.
Na ba su suna biyu, da harshen Latin,
na ja layi ƙarƙashin kowane, ina jin daɗi.

Ran wata Laraba Hamani ya kira ni.
Ya buɗe wani ganye da aka ɗinke da farin siliki,
ga ja, ga baƙa,
ɗaki ɗaya, ba mai korar wani.
Miji da mata.
Na zauna kan bakin rijiya na yi ta dariya,
wata shida na raba auren da ba ruwana.

Na koma na goge.
Takardar ta yi ƙofa wurin gogewa.

Akwai ta ashirin da bakwai, har yau tana jira.
Ƙarami ne, bai yi saɓar ƙarshe ba,
abin da za a karanta a jikinsa bai fito ba.
Na rubuta sunan dangi, Myrmarachne,
na bar fili a gabansa.

Jiya Hamani ya tambaye ni, "To, wane ne?"
Na ce tukuna.
Ya ce shi dai ya riga ya raɗa masa Baƙon Layi,
ya miƙo mini mangwaro uku a leda.
A kan na saman wata tururuwa na gudu.
Mu duka biyu muka sunkuya,
bakinsa na motsi, yana ƙidaya.