Zaren Awo

Wata goma sha tara
Nafi'u yana zaune cikin wayata,
ita kuma tana jingine da gwangwanin allurai
a tagar ɗakinmu na Tudun Nufawa,
nan kaɗai sabis ya yarda ya tsaya.

Sau ɗaya tak muka haɗu ido da ido,
a bikin Murja, can Kabala.
Ya ɓarar min da zoɓo a gyale,
ya karɓi lambata, wai zai biya kuɗin wanki.
Har yau bai biya ba.

Fatakwal yake, yana gyaran injin jiragen ruwa.
In ya kira bayan isha'i
sai in ji ruwa na dukan kwanon rufinsu,
mu kuwa nan bazara ta tsaya mana a wuya,
Inna na fifita da guntun kwali.
Yakan ce, "Zuwaira, saurara, na aiko miki."
Ya yi shiru, ya bar ruwan ya yi zancen
har kati ya ƙare.

Ba kullum ake lasar zuma ba.
Akwai makon da wayarsa ta faɗa ruwa.
Kwana goma sha ɗaya
na kafa kotu a ƙirjina,
na kira shi, na ɗaure shi, na yi belinsa da asuba.
Yaya Lantana ta ce,
"Soyayyar waya ai tuwo ne a hoto."
Na ce to.
Na shiga ɗaki na yi abin da zan yi,
na fito na tsince shinkafa.

Ni na ce zan ɗinka masa hula.
Ya aiko da awon kansa:
farin zare, ƙulli biyu, cikin ambulan,
ta hannun direban motar dare.
Na je garejin Talbijin da sassafe
na karɓo shi kamar mai karɓar albashi.
Kamu uku ne da ɗan yatsa,
iyakar abin da na taɓa riƙewa nasa ke nan.

Wata uku ina huda.
In an ɗauke wuta, tocila a haƙora.
Na sa shuɗi, don ruwan da yake ba ni labari,
na zagaye bakinta da ja-ja,
irin na kogin Kaduna in ya cika a Agusta.
Ɗan yatsana ya yi kanta.

Hula ta tafi.
Shiru.
Ko "na gani" babu.

Ranar Asabar bayan la'asar,
Sagir ya faɗo gida ba takalmi:
"Yaya, ana sallama da ke!"

Yana tsaye gindin darbejiya,
ya fi muryarsa rama,
hulata a ƙoƙon kansa, ta ƙi shiga,
ta ɗare kamar murfin buta.

Ya ce, "Ranar da na yi aski na auna."

Na yi dariya har gyale ya zame,
ban san lokacin da dariyar ta jiƙe ba.

Ya ce, "Kin ga illar awo daga nesa.
Kawu Haladu na zaure wajen Malam,
da huhun goro da kwalin alawa,
amma na roƙe shi kada ya kwance igiya
sai na ji daga bakinki.
Ban da gida tukuna, ɗaki biyu ne na haya,
kuma ruwan can ba ya ɗaukewa.
Za ki zo ki riƙa auna kan nan da kanki?"

Wani ɗan acaɓa ya wuce.
Akuyar maƙwabta na cin fosta a bango.
Duk maganar da na tanada wata goma sha tara
ta gudu ta bar ni da zare a bakin gyale.

Na ce, "Sabon awo sai an shafa fatiha.
Je ka ce ya kwance goron."

Ya juya, hannu ɗaya dafe da hula.
Na ce, "Nafi'u,
ka gaya wa Kawu
a haɗa da kuɗin wanki."