Waya a Jikin Matsu

A Kinashi, bayan ruwa ya ɗauke,
Fusae ta miƙo min kasko
da ɗan itacen matsu, shekararsa huɗu,
tsawonsa bai kai kamu ba.

"Ajiye almakashi," in ji ta.
"Juya shi har ya nuna miki fuskarsa."

Na juya, na juya, shayi ya huce.
Sai ga shi, ya ɗan karkata hagu
kamar mai satar jin zance ta bayan shinge.

Na naɗa masa wayar tagulla,
ƙaro ya manne min a yatsu.
Icce tun yana ɗanye, na sani,
amma ba wanda ya gaya min
ɗanyen ma yakan ce ƙas
in hannu ya yi gaggawa.

Reshe ya tsage.
Na rasa inda zan sa idona.

Tsohuwa ta shafa raunin da babban yatsa,
ta ɗaure da zare.
"Nan za a fi kallo, bayan shekara talatin."

Shekarunta tamanin da biyu.
Ta faɗa kamar mai cewa jibi,
ta koma tsince busassun alluran ganye
ɗaya bayan ɗaya.