Talata a Valdivia

Ruwan Valdivia ba ya sallama.
Tun hadari bai haɗu ba jikina ya ba ni labari:
kafaɗa ta fara tsegumi, ƙugu ya karɓa,
kafin gari ya waye har tafin ƙafa ya ji gulmar.

Shekara goma sha tara ina feɗe kifi a kasuwar bakin kogi,
ina jefa wa zakunan teku kai da hanji,
suna gurnani kamar masu bin bashi.
Sai ga wuƙa ta fi ƙarfin yatsuna.
Bargon ulu da uwata ta saƙa
ya zame mini dutsen niƙa a ƙirji.

An ɗebi jinina sau shida. An haska ƙashina.
Takarda ta fito fes.
"Lafiyarki ƙalau, Doña Eduvigis."
To wa ke dukana da dare?
Mijina Nibaldo bai ce ƙarya nake yi ba,
ya dai kalli taga, ya hura shayinsa.
Wata likita mai furfura ce ta raɗa wa abin suna,
fibromayaljiya,
suna dogo kamar layin asibiti.
Na yi kuka a motar haya, ba na baƙin ciki ba:
ashe ɓarawon da ke shigar mini gida an san shi.

Talata nake hawa bene, matakala ashirin da biyu,
ina ƙirga su kamar canjin mai ciniki,
zuwa ɗakin mai gyaran gadon baya.
Aliro Painemal, gajere, mai yawan atishawa.
Ranar farko ya ce, "Ba zan warkar da ke ba.
Wanda ya ce zai iya, ki riƙe jakarki da kyau."
A nan na yarda da shi.

Na kifa fuska a ramin gadonsa,
ina kallon takalminsa, igiyar ɗaya a kwance.
Ya ɗumama tafi a jikin murhu,
ya bi ƙashin bayana gaɓa-gaɓa
yadda nake bin ƙayar kifi da babban yatsa
don in gane inda nama zai saki.
"Nan?"
"Nan."
"Nan fa?"
"Kar ka taɓa nan."
Bai taɓa ba.
Wani sa'in, ƙas! abu ya amsa can ciki
kamar ƙofar da damina ta kumbura ta buɗe.
Wani sa'in shiru, sai numfashi.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
Akwai Larabar da na tashi kamar an tattaka ni,
na rantse ba ni ba komawa,
kuɗin kifi kilo huɗu ya bi ruwa.
Likitata ta ɗaga kafaɗa: "In kina jin daɗinsa, je ki,
amma kar ki bar magani, kar ki bar tattakin yamma."
Ƙanwata ta ce duk a kaina abin yake.
Na ce, shi kan a jikin wa aka dasa shi?

Sai wata Talatar
na sauko benen ban ƙirga ba.
A bakin titi na ankara, na juya ina kallon matakalar.
Daren nan na yi barcin awa biyar a jere,
mai nauyi, irin na yaro bayan kuka.
Da safe na taje gashina da kaina,
hannu sama, har ƙeya.
Nibaldo ya tsaya a ƙofa da buta a hannu,
bai ce uffan ba har ruwan ya huce.

Ciwon bai tafi ba.
Ya san inda nake ɓoye mabuɗi.
Mun dai yi rabon kwanaki, ni da shi,
kuma ya fi ni kaso.

Jibi Talata.
Hadari ya sake haɗuwa a kan gada,
zakunan teku sun buɗe baki,
kafaɗa ta fara magana.
Na ce mata na ji,
bari in gama feɗe wannan tukuna.