Tsirkiya Huɗu a Aboabo

Wata bakwai ina tara sidi a gwangwanin madara,
kuɗin walda, ƙofofin ƙarfen mutanen Asawase.
Ran Asabar na juye su a aljihu, na gangara Adum.

A shagon Opanyin Boakye jitoci na rataye
kamar kifi a rumfar mai banda.
Idona ya faɗa kan wata ja, mai tsirkiya biyar,
sai ƙyalli take.
Tsohon ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"Ido ba ya kiɗa, yaro. Ɗora ta a ciki."
Na ɗora, na taɓa. Cikina bai ji komai ba.

Sai ya jawo wata jitar bas daga bayan kwali,
baƙa, tsirkiya huɗu,
fenti ya ɗaye inda hannun wani ya daɗe yana goga.
Kwantena ce ta sauke ta a Tema tare da tsofaffin firji.
Ko wuta ban sa mata ba,
na ja babbar tsirkiyar,
na ji ta a haƙarƙari, har kokon safe ya motsa.
Sau ɗaya na taya. Na biya.

Wuyanta ya ranƙwafa kamar ɗan dakon Kejetia.
Malam Issifu mai gyaran rediyo ya kanne ido ɗaya,
ya leƙa tsawonta kamar mai duban wata,
ya sa ɗan makulli a ƙarfen da ke ɓoye cikin wuyan,
rubu'in juyi kawai.
"Dawo gobe. Itace ba ya son gaggawa."
Kwana uku muna haka.
Da tsabar pesewa ya auna ratar tsirkiya da katako:
ta yi sama, yatsa ya sha wuya,
ta yi ƙasa, ta riƙa kukan ƙuda.

Sababbin tsirkiyoyi kuɗin hayar wata ne.
Na kwance tsofaffin na dafa a tukunyar Inna,
gumin baƙon ya taso saman ruwa.
Har yau cewa take wakenta na ɗanɗanon ƙarfe.

Alidu mai ganga ya hana ni ƙaramar amfilifaya:
"Ƙafata za ta haɗiye ka."
Na sayi mai lasifika inci goma sha biyar,
nauyin buhun masara.
Yaron mota ya caje ni kujera biyu, ko murmushi babu.

Ranar gwaji, a tsohon ɗakin injin niƙa,
gurnani ta kama tun ban taɓa ta ba.
Waya ce. Kullum waya ce.
Na liƙe kan da dalma,
sannan na murɗa komai har ƙarshe,
kwanon rufi ya kama rawa.
Memuna ta ajiye makirufo:
"Waƙa zan yi ko faɗa da tsawa?"
Na janye akwatin daga kusurwa,
na ɗora shi kan benci,
na rage ƙasa, na ƙara tsakiya kaɗan,
na daina kallon yatsuna,
na koma kallon ƙafar Alidu ta dama.
Inda ta sauka, nan nake sauka.

Sunan jikan Hajiya Adiza, rumfa ta tare titi.
Ba wanda ya dube ni.
Liƙi duk a goshin Memuna yake sauka.
Ana tsaka da hailaif wani yaro ya yi tuntuɓe da wayata,
ta fice.
Ganga na nan, murya na nan, ƙaho na nan,
amma ƙugun matan ya tsaya cak,
suna waige-waige
kamar an janye tabarma daga ƙarƙashinsu.
Na durƙusa na mayar.

Tun ranar sai na zagaya wayar cikin maɗauri kafin in soka,
da wata a jaka, da salatif baƙi.
Sidi biyar na samu daren nan.
Wani tsoho ne ya cusa min a aljihu,
bai ce uffan ba,
ya dafa cikinsa, ya wuce.