Ƙarfe Tara na Dare a Aboabo

A gidanmu sau biyu sabuwar shekara take shigowa.
Ta farko ƙarfe tara na dare,
sa'ad da agogon garinsu Mama ya buga sha biyu
Kumasi kuwa ko takalmi ba ta cire ba,
masu kosai na ta fifita wuta a bakin titi.

Tamara sunanta. Unguwa ta ce Maman Fuseina,
ta amsa shekara talatin da huɗu.
Baba Mumuni ya je karatun likita a Baronesh,
ya dawo da takardar shaida, da tari, da ita.

Reshe guda take sayowa daga Kejetia,
ta kafa shi a gwangwanin madara,
ta yage audugar asibitin Baba ta yayyafa,
ta ce ga ƙanƙara.
Ragowar audugar ta zama gemu.
Baba ya sa jan bargo, ya zama Kakan Sanyi,
gumi na bin wuyansa,
yana rabon lemo ɗaya ɗaya,
sai ka yi waƙa kafin a ba ka.

Wajen ƙarshen Fabrairu sai makon man shanu.
Kwana bakwai tana suyar bilini,
masa ce da aka hana ta ƙiba,
faɗi kamar faifai, ja kamar rana.
Ta farko kullum takan lalace,
ta ce haka take lalacewa ko a hannun kakarta.

Rana ta bakwai ta ɗaure tsohuwar tsintsiya da ɗankwali,
ta zana mata ido da gawayi,
ta cinna mata wuta a tsakar gida.
Wai sanyi take kora.
Wane sanyi, Mama?
Iya Lantana ta leƙo ta katanga, ta ja salati,
wata uku ba ta karɓi gishirinmu ba.

Amma da yammar wannan Lahadi
Mama takan bi ɗaki ɗaki, ta sunkuyar da kai:
ku yafe mini.
Ba Salla ba, ba tafiya ba, ba ciwon ajali ba.
Har Iya Lantana ta je wa.
Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa, ta ce,
ashe ku ma kun san wannan?
Ta miƙo kwano. A zuba mini masar nan taku.

Ɓawon albasa kuwa, masu albasar kasuwa sun san ta,
suna tara mata a leda suna dariya:
Baturiya mai sayen shara.
Da shi take rina ƙwan Ista,
mu kara su da juna, wanda nasa bai fashe ba
ya yi ta cika baki har Litinin.

Tara ga Mayu kaɗai ba a dariya.
Hoton wani saurayi mai hula a kan tebur,
ƙaramin kofi, yankan burodi a bisansa.
Ba ta taɓa faɗa mana inda ya kwanta ba.
Ina jin ita ma ba a faɗa mata ba.

Bana shekara huɗu ke nan
tana ƙarƙashin jar ƙasar Tafo,
inda ƙanƙara ba ta taɓa sauka ba.
Jiya na kwaɓa gari, na ɗora kaskonta.
Ta farko ta lalace.
Na tsaya da cokali a hannu, hayaƙi na shiga idona,
ko kuma na ce hayaƙi ne.

'Yata Sherifa ta ce, Umma, yau wace rana ce?
Na ce, ranar da ake neman gafara.
Ta ce, me kika yi?
Na ce, ci tukuna, tana hucewa.