Waƙafin da ke Tsakani

An ɗauke wuta a Farin Gada.
Batirin kwamfutata saura kashi goma sha tara,
ruwan Agusta na dukan kwano
kamar mai bin bashi.

Lissafin shagonmu nake rubutawa,
ni da Nanret, masu dankali buhu-buhu.
Kowane layi abu biyu ne cikin baka:
(Malam Tanimu, dubu huɗu),
(Maman Dachung, dubu tara tun watan Yuni).

Ƙananan ayyuka uku Gyang ya koya mini
a ajin Asabar, yana hura hannu don sanyi.
Na farko kan miƙa hannu ya ɗauko na hagu,
ba ya tambayar na dama ya kwanan gida.
Na biyu kuwa dama kaɗai ya sani.
Layi ɗai-ɗai ne, ko yaro ya rubuta,
amma tukunyar lissafin nan
a kansu take zaune, kamar duwatsun murhu.

Na ukun shi ne mai juyi.
Ba shi suna da kuɗi, ya ba ka kuɗi da suna.
Abin da ya hana ni barci:
ba ya taɓa na asali.
Sabo yake haifa, tsohon na nan yadda aka aje shi.

Ranar Talata mun yi cacar baki kan allon shago.
Nanret da Sahura, ko Sahura da Nanret?
Mai fenti ya tsaya da buroshi a sama
har kore ya bushe a bakin gwangwani,
ya ce a kira shi in mun shirya.

Yanzu na juya mu sau ɗaya. Na sake juyawa.
Muka dawo inda muka fara.

Akwai wani kuma, mai haɗa jeri biyu,
wannan da wancan, wannan da wancan.
In jeri ɗaya ya fi tsawo
ragowar sai ta faɗi, ba ko sallama.
Na tuna makonnin dokar hana fita,
buhuna na tsiro a ɗaki,
kujerarta babu kowa.

Saura kashi uku.
Na ɗauki waya: sa naki a gaba,
abin da ke tsakani dai a bar shi.

Can ta amsa:
Ki kwanta, Sahura.
Motar Bokkos da asuba za ta iso,
kuma ke ce da makulli.